Ƙarin Taƙi Biyu

Ladan mai kushin ɗan masuntan Warra ne. Hannunsa ya tashi da ɗinkin taru, amma ruwa bai karɓe shi ba, da ya shiga jirgi sai jiri. Shi ya sa ya hauro Yelwa ya kafa keken ɗinki a bayan tasha, yana yi wa kujerun mota sabuwar riga. Shekara ashirin ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Taubashinsa Illo direban haya ne, mutum mai jiki, bel ɗin mota ba ya zagaye tumbinsa. In ya hango jami'an hanya sai ya yafa shi a ƙirji, ya danne bakin da cinya. Ran da suka gano shi, suka tsare shi rabin yini, ya wuto rumfar Ladan yana huci.

"Ɗan masunta, ƙara mini igiyar ga. Masu ƙera mota ba su san Allah ya yi manya ba."

"Rage tuwo dai, bawana."

"Kai ne bawa. Ɗinka!"

An ce a birni ana sayar da ƙarin bel na kamfani, amma Ladan bai taɓa ganinsa ba. Ya je wurin 'yan gwangwan, ya yanko bel daga wata mota da ta shekara huɗu a rana, ya ƙara wa Illo taƙi biyu. Da zaren taru ya ɗinke, zaren da ke riƙe giwan ruwa. Ya ja iya ƙarfinsa, ko gezau. Kafin damina, masu tumbi takwas sun zo ya yi musu irinsa.

A hanyar Kontagora taya ta fashe wa Illo, motar ta daki bishiya. Fasinjan da ke gefensa, wanda bel ɗinsa ba ƙari, ya tsira da karayar hannu. Illo ta gilashi ya fita, nan take ya rasu.

Da aka jawo motar tasha, Ladan ya leƙa. Ɗinkinsa na nan daram. Ƙyallen ƙarin da rana ta cinye ne ya yage kamar tsumma. Ba wanda ya lura, kowa na cewa kwana ya ƙare.

"Ka ja bakinka, Malam," in ji matarsa Rabi. "In ka faɗa, wa zai sake kawo maka kujera?"

Kwana uku ya kasa cin abinci. Ran na huɗu ya ɗauki almakashi ya tsaya gaban direbobi, ya faɗi komai. Bakwai daga cikin takwas ɗin suka bari ya yanke ƙarin, ba wanda ya dube shi. Tun daga ranar aiki ya koma rumfar wani. Zulai'atu, matar marigayi, ta daina amsa gaisuwarsa.

Na takwas, Bappa, ya dafe ƙofar motarsa.

"In ka yanke, da mi zan wuce shinge? Bar mini abina, Ladan. Mutuwa ɗaya ce."

Har yau Bappa na lodi kowace safiya. Ladan yakan fito daga rumfarsa da ba kowa, ya sake roƙonsa. Bappa ya ɗaura bel ɗin, ya tada mota.