Koriyar Rigar Mijin Yayata

A wajenmu sanyi ba ya jiran a gama kaka. Da an fara yankan gero safiya sai ta soma cizo, raɓa ta kwanta kan karan dawa, mutum ya fito alwalar asuba ya ji ruwan buta ya ƙi taɓuwa. Lokacin ne ake buɗe akwatuna a fiddo rigunan ulu suna warin kafur. Ni tun ina budurwa a Isa ina da ra'ayi a kan yadda ake sa su, kuma ban taɓa iya rufe bakina ba. Mace ta ɗora rigar saƙa a kan ta atamfa, ta bar wuyan atamfar ya leƙo, launin ulun ya ɗauko ɗaya daga furannin zanen, sannan ta yafa mayafi sako-sako. Wadda ta cusa ulu ƙarƙashin hijabi ta fito kamar damin gero, ba na gaishe ta da fara'a. Namiji kuwa a ciki yake sa tasa, ƙarƙashin kaftani, ba a ganin komai sai wuya da ɗan bakin hannu.

Yayata ce mai saƙa a gidanmu. Ba ta da yawan magana, ni na kwashe nata rabon na haɗa da nawa. Da hantsi za ta zauna bakin ƙofar ɗakinta da tsinkaye biyu da ƙwallon zare a cikin kwano don kada ya gangara ƙasa, ba ka jin komai sai ƙaf-ƙaf. Mijinta ɗan kasuwa ne, yana kai kaya Nijar ya dawo da wasu. Wata shekara ya kawo mata ulun tumaki na gaske, ba irin na roba da ake sayarwa a kasuwarmu ba, kore shar kamar ganyen kuka. Ta saƙa masa riga mai dogon hannu da shi.

Shi ne mutum na farko da ya karya min doka. Sai ya sa rigar ƙarƙashin kaftani yadda ya kamata, sannan ya jawo hannuwanta waje ya naɗe su a kan hannun kaftanin. Akwai wasa tsakanina da shi, don haka na ce masa ya yi kama da mai shirin kwasar taki. Ya yi dariya ya ce, "To mi ar amfanin aikin matata in ba a gane shi ba?" Haka yake yawo da ita duk kaka, ana hango kore a wuyan hannunsa tun daga nesa.

Da ita ya fita ranar da mutanen daji suka tsare hanya bayan Bafarawa. Cikin waɗanda suke motar wasu sun dawo bayan an sha wahala, wasu an samo gawarsu an rufe. Shi ba ya cikin waɗannan, ba ya cikin waɗancan. Ba wanda ya kira waya a kansa, ba wanda ya ce ya gan shi. Da lokaci ya ja, danginsa na Turba suka ce a yi masa addu'a, a raba kayansa, yayata ta shiga takaba ta huta. Ta ce ba ta yin takabar mutumin da ba a nuna mata komai nasa ba. Aka bar ta a tsakani, ba matar aure ba, ba bazawara ba, kullum kunnenta na ƙofar gida.

Ni a lokacin na yi aure a Sabon Birni. Wata ranar kasuwa, kaka ta sake zagayowa, na fita da sassafe da maigidana sayen kayan miya. Rana ba ta yi ƙarfi ba, hayaƙin masu ƙosai ya kwanta ƙasa-ƙasa tsakanin rumfuna. Can gabana wajen masu igiya na hango bayan wani mutum cikin farin kaftani. Ya miƙa hannu zai ɗauki igiya, na ga kore a wuyan hannunsa, a naɗe a kan hannun kaftanin.

Ban kira maigidana ba, na bi mutumin kawai. Ya ratsa 'yan hatsi, na ratsa. Ya karkata wajen mahauta, na karkata. Tsayinsa ɗaya da mijin yayata, har ɗan rankwafawar kafaɗar. Sai da ya tsaya gindin wata bishiyar bedi sannan ya waiwayo, kamar ya ji ana binsa. Dattijo ne da furfura a gemu, ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Na gaishe shi. Na ce, "Baba, don Allah ina kas samu rigag ga ta ciki?"

Ya dube ni, ya dubi hannunsa. Ya ce cikin tulin gwanjo ya tsince ta a kasuwar Bafarawa, an baza a ƙasa, mai kayan ma baƙo ne. Na tambaye shi wa ya koya masa naɗe hannun haka.

Ya ce, "Ɗiyata, ni ban naɗe ta. In na ja ta ciki, kafin in kai gona ta hito ta koma haka. Na gaji na bar ta."

Maigidana ya iso ya same mu, na faɗa musu rigar wane ne. Nan gindin bedin, a gaban mutane, dattijon ya tuɓe kaftaninsa, ya cire rigar ya miƙo min da hannu biyu. Ya ce dama tun da ya same ta jikokinsa ba sa yarda su zauna kusa da shi. Ya mayar da kaftaninsa ya tafi da sauri, bai ko tsaya mun yi masa godiya ba.

Na juya rigar. Saƙar yayata ce, ko a mafarki na san ta. Amma a bayan kafaɗar hagu akwai yaga, kuma an gyara ta da farin zaren ɗinkin buhu, an ƙulle ƙarshen da zarge biyu. Mijin yayata haka yake ƙulle bakin buhunansa. Na tsaya ina kallon ƙullin, hawaye ya cika min ido, ban gan shi sosai yadda ya kamata ba.

Na ce za ni Isa yanzu-yanzu. Maigidana ya ce ba a yin haka. Labarin namiji iyayensa ake fara kai wa, su ne za su aika wa matarsa. Na yi faɗa, na yi kuka, amma na san gaskiyarsa, haka ake yi a wajenmu. Muka hau kabu-kabu muka nufi Turba.

Ban manta da wannan tafiyar ba. Mun wuce ƙauyuka ba hayaƙi ba kukan jaki, ƙofofi a buɗe. Gero ya nuna ya wuce yanka, yana tsaye a gonaki, tsuntsaye kawai ke ci. Rigar tana cikin leda a kan cinyata, kuma da ɗuminta. Da farko na ce ɗumin jikin dattijon ne. Da muka yi nisa iska na dukanmu, hannuwana sun ƙage don sanyi, ledar ba ta huce ba. Na ce rana ce, na daina taɓa ta.

Mahaifiyar mijin yayata tsohuwa ce mai kirki, ba ni da abin faɗa a kanta. Ta karɓi rigar ta kai hancinta, ta daɗe a haka, sannan ta yi salati ta zauna a ƙasa. A wurinta magana ta ƙare, rigar da ya fita da ita ta dawo ba shi. Aka tura a kira yayata daga Isa. Ni kuma aka ja ni wani sashen gidan in gaida tsofaffi in yi salla, aka kawo min fura, aka riƙe ni da tambayoyi.

Da na dawo tsakar gida na tarar da tukunya a kan murhu tana tafasa. Mata uku sun durƙusa bakin babban kwano, tururi na tashi, suna cuɗa wani abu kore da sabulun salo. Kayan mamaci wanke su ake yi da ruwan zafi kafin a bayar, kowa ya san haka. Su auduga suka sani, ita ko a tafasa ta ba abin da zai same ta. Ban san lokacin da na yi ihu ba. Na tura hannuna cikin ruwan na fizgo ta, amma sun riga sun cuɗa, sun buga a bayan turmi, sun sake cuɗawa.

Ulun tumaki ba ya yafe wa ruwan zafi. Rigar ta tsuke ta cure, ta yi kauri, ta koma kamar ta yaro ɗan yaye. Idon saƙar duk ya haɗe ba a gane layi. Wajen kafaɗar na laluba, ulun ya haɗiye farin zaren, ba abin da ya rage sai wani ɗan ƙulli mai tauri a ciki. Na zage su tas, tsofaffi da sa'o'in uwata, su kuma suna kallona ba su san laifin da suka yi ba.

Yayata ta iso bayan la'asar. Aka miƙa mata abin yana ɗiga. Ta riƙe shi, ta juya, ta murza da yatsa tana neman saƙarta. Tsohuwar ta ce mata, "Ɗiyata, ga abin da kika jira. Ki yi haƙuri ki shiga takaba, Allah shi gafarta mai."

Yatsan yayata ya tsaya a kan ƙullin. Ta ce, "Mi an nan?"

Na ce yaga ce aka gyara da zaren buhu.

Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta ce, "Wanda aka kashe kan hanya ba shi zama shi gyara rigatai. Ke kaɗai kig ga gyaran da idonki. Ƙulli nai na?"

Na san abin da ke rataye da bakina. In na ce ba nasa ba ne, gobe ta shiga takaba, ta fita, ta sake rayuwa. Na ce mata zarge biyu na gani, irin nasa. Na ƙara da cewa 'yan kasuwa da yawa haka suke ƙullawa, kuma idona da hawaye. Wannan rabin na biyu ba ta ji shi ba. Ta matse rigar, ta naɗe a gefen mayafinta, ta yi wa tsohuwar sallama.

Har yau ba ta yi takaba ba. An faɗa mata tana da hanya in tana so ta rabu da auren, ta ce ta ji. Duk shekara da an fara yankan gero sai ta fito bakin ƙofa da tsinkayenta ta saƙa masa sabuwa, ta ninke ta ajiye. Kuma kowace shekara tana rage faɗin. Na tambaye ta dalili, ta ce mutum ramewa yake yi a daji, ba ta so ta yi masa yawa.

Bana na je Isa na same ta ta gama wata. Ta ce in gwada mata ta ga yadda kafaɗar ta zauna. Ni ba mai jiki ba ce, amma na zura hannu ɗaya, ɗayan ya ƙi shiga. Ta karɓa ta ɗaga ta sama tana dubawa, ta ce, "Ta yi. Daidai shi ta."