Kawu Bala da littafin da babu hatimi

Shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Bala, ƙanin innata, kuma har yau in ɗalibi ya miƙo mini littafin horo in sa hannu, shi nake fara tunawa. Ma'aikaci ne a ofishin jami'armu mai nema wa ɗalibai wuraren sanin makamar aiki. Abokan aikinsa daga kan tebur suke raba takardu, shi kuwa ba ya tura ɗalibi inda ƙafarsa ba ta taka ba. Babur ɗinsa ya san duk wani rami tsakanin Yelwa da Warra.

Ina karatun kiwon kifi lokacin da horona na wata shida ya zo. Tunda kawuna ne mai rabo, har na ɗinka atamfa biyu don zaman ofis a Birnin Kebbi. Sai na buɗe takarda na ga an tura ni Warra, wurin wata Inna Lami mai bandar kifi a bakin ruwa. Na yi kuka, na kai ƙara gida. Kawu ya ce wa innata, "Can ohis hwanka mai ba da iska za ta zauna kallo. Nan ko za ta san kihi." Wata biyu ina gaishe shi fuska a murtuke.

Inna Lami ba ta san boko ba, amma ita ta nuna mini itacen da ke ba kifi launi da wanda ke sa shi ɗaci, da yadda ake danna tarwaɗa a ji ko da sauran ruwa a ciki. Atamfofin nan kuwa hayaƙi ya gama da su.

A ƙarshe ne magana ta ɓaci. Ƙa'ida ita ce mai wurin ya buga hatimi a littafin ɗalibi kowane mako. Inna ba ta da hatimi, babban yatsa take dangwalawa. Malamin da ke duba mu ya ce ba zai karɓa ba, sai dai in maimaita shekara. Wata ƙawata ta raɗa mini cewa a Yelwa za a sassaƙa mini hatimin kowane kamfani kafin la'asar. Na je wa Kawu da shawarar, ina zaton zai kau da kai. Ya ce, "Wadda ta koya miki tana da rai, ki sa sunan wani? Ba da ni ba."

Washegari ya goya malamin a babur har Warra. Inna Lami ta ajiye masa kwando biyu na kifin banda ta ce, "Malam, wane ka iya kai kudu lahiya bai ruɓe ba?" Ya nuna mai sheƙi. Ta kira ni. Na danna, na karya ɗaya daga cikin wanda ya zaɓa, ga cikinsa ɗanye. Malamin ya yi wa kansa dariya, ya zauna a kan turmi yana sa hannu ƙarƙashin kowane dangwale.

Yanzu komai ta waya ake cikawa, kuma ban ga inda aka bar wa yatsa wuri ba. Na san Kawu zai ji daɗin cewa ɗalibar da ke can garin Shanga ba sai ta yi doguwar tafiya karɓar takarda ba. Amma na san zai tambaya: wa ya je ya gani da idonsa?

Ban taɓa ce masa na gode ba. Ina jira sai na zama wani abu tukuna, ciwo ya riga ni. Wannan yana ci mini rai har gobe.

Yau ina da tafkunan kifi da wurin banda a Ngaski, ana turo mini ɗalibai, ina kuma da hatimi. Watan jiya wata ta zo cikin atamfa mai guga, ta ce, "Anti, don Allah ki buga mini kawai in koma gida." Na daɗe ina kallonta, don na gane mai maganar: ni ce a da. Na mayar da hatimin aljihun tebur, na miƙa mata tsohon zane, na ce ta canza, hayaƙi ba ya barin atamfa.