Reshen Yazawar Da Na Kai Benin

Ana idar da sallar asuba muka bar Matsinkai, ni da mai babur ɗin da ya ɗauko ni, da reshen yazawa ɗaure a baya. Reshen nan shi ne dalilin tafiyar, don haka bari in fara da zancensa.

Gona ɗaya muka gada ni da ƙanena. Na dasa yazawa a gefena, shi kuma kullum ƙorafinsa inuwa na kashe masa dawa. Da kaka ta yi sai rassa suka fara faɗuwa, kowanne an zagaye shi da yanka tsaf kamar da zarto. Ban tambayi kowa ba. Na tare shi a ƙofar masallacin Juma'a na kira shi maci amana, na kai ƙara wurin hakimi. Ƙanen nawa ya kwashi iyalinsa ya tsallaka Benin wurin surukinsa, wanda shi ma yazawa yake nomawa. Ni kuwa na tsince rassan kaf na jibge a zaure don shaida. Na yi tafiyar nan ne don in nuna wa surukin irin mutumin da ya sauka a gidansa.

A Bagudo muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan yanzu sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san an sa masa abu. Muka sha man kwalba da tsada, muka kama hanyar Tsamiya, wadda ramukanta suka fi kwaltarta yawa. Kowane shinge sai an tambayi itacen. Wani mai kaki ya ce ko magani ne, na buɗe ƙirji na ce shaida ce. In na tuna yadda na faɗi maganar nan, har yanzu sai in ji kamar in nutse.

Da muka tsallaka, masu canji suka karɓi nairata suna yatsina. Muka ci tuwon masara mai tsami da soyayyen kifi, yajin ya sa ni hawaye, mai tuwon na dariya tana magana da yaren Dendi. Ban ji ba, amma na san da ni take.

Kafin azahar muka isa gonar. Tun daga bakinta na sa mai babur ya tsaya. Rassa ne ko'ina a ƙasa, yankansu iri ɗaya sak da nawa, mata na tarawa suna cinna musu wuta.

Ƙanena ya taho ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi Inna. Ya dubi abin da ke bayan babur. Ya shiga ƙarƙashin wata bishiya ya dawo da ƙwaro a hannu, ƙwaron na kuka ƙii-ƙii. Tsawonsa ya kusa ɗan yatsana. Baƙi ne, da ratsi uku ruwan lemo a gicciye bisa fukafukansa. Ƙahonsa biyu gaɓa-gaɓa sun kai tsawon jikinsa, bakinsa kamar ƙaramar awartaki.

Da taurin kaina na ce ai ina ganin irinsa a mangwarona, bai taɓa yanka komai ba. Surukin ya ce in sake dubawa, na mangwaron ba shi da ratsin nan, jikinsa ruwan ƙasa ne, kuma gindin itace yake hudawa. Tsutsarsu duk fara ce, ba ka rabe su sai sun girma. Wannan mai ratsin shi ke zagaye reshe da baki har ya bushe, ya zuba ƙwai a ciki. Shi ya sa suke ƙonawa.

Ƙanena ya sa adda ya tsaga shaidata. Ga tsutsa nan kwance, ta yi ɓul-ɓul.

"Yaya, ina sauran rassan?"

"Suna zaure," na ce.

Surukin ya kau da kai yana gyara hula. Wato ni ne nake kiwon ɓarayin a gidana, har ina hana a taɓa su don girki.

Na ja ƙanena gefe na ce ya haɗa kaya mu koma, abin ya wuce. Sai ya ce da ni:

"Ba a gefe ka faɗa ba, Yaya. A ƙofar masallaci ka faɗa."

Muka juyo gida ni da mai babur, ba ƙanena. Ina isa na fitar da rassan na ƙone su a ƙofar gida, na je na janye ƙara. Da Juma'a ta zo na miƙe bayan sallama na faɗa wa jama'a ƙwaro ne, ƙanena bai taɓa min itace ba. Wasu suka yi dariya, liman ya ce madalla.

Abin da tafiyar ta koya min ba shi da yawa. Na daɗe ina kallon ƙanena ina neman laifi, ban ɗaga kai na dubi bishiyar ba ko sau ɗaya. Na aika masa cewa na faɗa. Ya aiko a gaishe da Inna, ya ce a girbe masa dawarsa kada ta zube. Gobe zan shiga da lauje. Zancen dawowa bai ce komai ba.