Abokin Baba Na Mindif

Shekara da shekaru ina koyar da Turanci a makarantar sakandare a Garwa, Baba bai taɓa tambayata ko kalma guda ba. Shi a ganinsa Hausa da Fillanci da ɗan Faransancin kasuwa sun ishi mai sayar da yadi. Don haka ranar da ya aika a kira ni gidanmu na unguwar Poumpoumré, ya ce in koya masa sunayen cututtuka da Turanci, nan take na ji ban yarda ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ya ce wani abokinsa ne daga Mindif zai ga likitan nan Ba'indiye da ya zo wani ƙaramin asibiti a gari, wanda ba ya jin komai sai Turanci. Na tambayi sunan abokin, ya ce ban san shi ba. Ni da na tashi ina kai wa baƙin Baba ruwa a zaure, wai akwai wanda ban sani ba. Na ce ai asibitin akwai tafinta. Ya harare ni, ya ce ni aka tambaya ko tafinta? Tafintan nan kuwa mijina ne, shi ke tsayawa tsakanin likitan da marasa lafiya.

Muka fara bayan la'asar. Baba bai yi boko ba, da ka yake ɗauka, yana maimaitawa yana kaɗa kai kamar mai hadda. Ya tambayi ciwon kai, ciwon haƙori, tari, kunne. Can a tsakiya, yana kallon bango, ya sako fitsari. Ya koma kan mura. Ya sako jini. Washegari na gwada shi. Haƙori ya tafi, kunne ya bi shi, tarin ma sai da na tuna masa. Amma fitsari da jini da zafi da mara suna nan daram a bakinsa, har da yadda ake cewa abu ya kai wata uku. Na ce a raina, wannan aboki dai haƙoransa ƙalau suke.

Daga nan na zama 'yar sa ido a gidan ubana, ban kuma ji kunyar hakan ba. Na lura ya bar shan shayi, shi da ko zazzaɓi ba ya raba shi da kofi. Buta ba ta nisa da shi. Ƙanena ya ce a masallaci ya bar sahun gaba ya koma bakin ƙofa. Na tambayi Inna, ta ce ita ma ta gani, amma mutumin da ko ya taka ƙaya ba ya cewa wash a gabanta, me za ta tambaye shi? Haushi ya kama ni, tsoro ya fi haushin yawa. Sau biyu na buɗe baki zan ce, Baba, kai ne, sai in tuna halinsa. In na faɗa, karatun ya ƙare ke nan, zuwa asibitin ma ya ƙare. Gara ya mutu da ya ambaci mararsa a gaban 'yarsa, balle a gaban surukinsa.

Abin da na iya kawai na yi. Na ce wa mijina duk ranar da ya hango Baba a layin ganin likita, ya nemi wani aiki a ɗakin magani. Ya fara tambaya, na ce ya yi dai yadda na ce.

Ranar wata Laraba Baba ya sake aikowa. Na same shi zaune a tabarma, leɓɓansa na motsi, ya riƙo wata magana tun daga asibiti don kada ta zube a hanya. Ya ce likita ya duba abokin nasa, ya gane bayaninsa sarai, ya nuna masa da hannu cewa gobe za a yi aiki. Sai dai ya ƙara wasu kalmomi har sau biyu, su ne bai gane ba. Ya faɗe su a hankali: “Don't come alone.”

Na ce, “Cewa ya yi kada ya zo shi kaɗai.”

Ya murza bakin rigarsa. Can ya ce, “Ga shi kuwa ba shi da kowa a Garwa.”

“Ni zan raka shi, Baba.”

Bai dube ni ba. Ya ce abokin nasa bayan sallar asuba zai fita, kuma mutum ne da ba ya son jira.

Gari bai gama wayewa ba na iso. Baba na zaune a zaure shi kaɗai, ya sa hula, takalmansa a ƙafa, ƙaramar jakarsa a kan cinya. Ban tambayi ina abokin yake ba. Na miƙa hannu, ya ba ni jakar.