Dattijo Mai Kyamara a Bayan Tasha

Wallahi mutumin nan zai rasa mota saboda tsuntsu! Ga shi can bayan tasha, bakin kududdufi, dattijo ne fa, gemu duk furfura, ya kwanta rub da ciki cikin taɓo da farar rigarsa. Kyamara ce a hannunsa, mai dogon hanci, ya saita ta kan wani ɗan tsuntsu shuɗi mai jan baki da ya sauka a kan kara. Matsalar ita ce hannunsa rawa yake, kar-kar-kar, ba ta tsoro ba, irin ta ciwo. Da ya saita sai kyamarar ta goce. Ina jin da can sana'arsa ke nan, kafin hannun ya daina jin maganarsa.

Mota ta cika, kuma ita ce ta ƙarshe yau. Kwandasta sai dukan ƙofa yake: "Baba, tsuntsun ne zai kai ka gida?"

Matarsa da ke zaune kusa da direba ta leƙo ta taga: "Malam, don Allah ka taso, za su tafi su bar ka!"

Ko waiwaye bai yi ba. Leɓensa kawai ke motsi, addu'a yake ko lallashin tsuntsun, oho. A hankali ya zare takalmi ɗaya, ya ɗora kyamarar a kai, ya danne ta da haɓa. Direba ya kai hannu zai danna hon, abin da zai kori tsuntsun ke nan.

Caraf matar ta riƙe hannun direban. "Ɗana, bari shi ya fara dannawa."