Rabin Kilon Mai Sikeli

Shekara ashirin da shida Mai Sikeli ya yi a ɗakin horon 'yan damben zamani, bai taɓa zura hannu a safar dambe ba ko da wasa. Aikinsa shara, goge jini da gumi, sai awon 'yan wasa kowace safiya a kan wani tsohon sikeli mai allura da ke ajiye kusa da ƙofar banɗaki.

Irin wannan dambe aji-aji ne, kowa da nauyinsa. Ɗan kilo hamsin da bakwai in ya ɗara ko da kurɓin ruwa ne, ba shi ba hawa dandali. Shi ya sa za ka ga ƙarti suna gudu a tsakar rana cikin rigar leda, suna tofa yawu a kwalba, leɓe duk ya tsage. Mai Sikeli zuciyarsa ba ta ɗaukar wannan. Da ya ga mutum ya galabaita, sai ya sunkuya kamar zai share ƙura, ya murɗa wani ɗan noti a bayan sikelin, allura ta ja baya da rabin kilo. "Daidai! Je ka sha ruwa." Gasar gida da sikelinsa ake awo, saboda haka asirinsa bai taɓa tonuwa ba. Shi a ganinsa lada yake kwasa. Lada fa!

Ana nan aka zaɓi Dogo, ɗan yayarsa, zuwa gasar ƙasa da ƙasa. Shekarunsa talatin da ɗaya, wannan ce fitarsa ta farko, kuma kowa ya san ita ce ta ƙarshe. Jikinsa na 'yan kilo sittin ne, amma koci ya danne shi a hamsin da bakwai. Sati ukun da aka yi ana shiri, kullum zai hau sikeli daga shi sai gajeren wando, haƙarƙari a waje, ya ce, "Kawu, ya ake ciki?" Kawu ya dubi idanun nan da suka faɗa, hannunsa ya tafi bayan sikeli. Ya sani sarai a can ba da sikelinsa za a auna ba. Kullum yana ce wa kansa gobe zai faɗa masa gaskiya.

Manyan hukuma suka yi ta jan ƙafa da takardun tafiya, har sai da safen ranar awo tawagar ta sauka. Daga filin jirgi aka wuce da su ɗakin awo. Na'urar can lambobi take nunawa, kuma ba ta da ɗan 'yar'uwa. Dogo ya hau: hamsin da bakwai da giram ɗari huɗu. Aka soke sunansa. Yana zaune cikin 'yan kallo alƙali ya ɗaga hannun abokin karawarsa, ko naushi ɗaya ba a kai ba.

Ya dawo ya ɗora laifin a kan kofin shayin da ya sha a jirgi. Yau shekara tara bai ƙara kai shayi bakinsa ba, matarsa ma ba ta dafawa in yana gida. Dakon siminti yake yi, in ya tashi aiki yakan biyo ta ɗakin horo ya ɗan zauna a benci.

Ranar da aka sallami Mai Sikeli saboda tsufa, Dogo ne ya zo taya shi kwashe tarkacensa. Tsohon ya daure ya buɗe baki. "Dogo, game da tafiyar nan taka..."

"Bar zancen nan, Kawu," in ji Dogo, yana ɗaure jaka. "Koci ya cuce ni, hukuma ta cuce ni, ni ma na cuci kaina. A duk harkar nan kai kaɗai ne ba ka taɓa cuta ta ba."

Mai Sikeli ya miƙa masa sauran tarkacen. Can ya ce, "Allah Ya yi maka albarka." Ya bar shi ya ɗaukar masa jakar har gida.