Jif ɗin Kawu Ba Ta Taka Laka

Muna isa inda kwalta ta ƙare a hanyar Tsiga, sai Kawu Sale ya kashe jif ɗinsa. Duk Funtua ban ga irinta ba, kuma don zuwa gona ya saye ta.

Na ce, "Kawu, ba don irin wannan hanya aka ƙera ta ba?"

Ya ce, "Kai, in wani abu ya karye, har Kano babu kayanta."

Ya tsayar mana da ɗan acaɓa. Ko rabin hanya ba mu yi ba muka zube cikin taɓo.

Kawu ya miƙe, riga duk laka, ya ce, "Alhamdulillahi! Da fa motar ce?"

Masu manyan motoci, tsakani da Allah, yaushe rabon motocinku da shiga daji?